Motar Gajeren Zango: Wadda Za a Saya da Wadda Za a Bari

 Jama'a masu sauraro, na Dawce da ƙauyukanta, na Matameye da Kance, na Tsauni da Ɗan Barto, da ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka wajen Daura, duk inda wannan murya ta riske ku. 

Mas'alar da za mu tattauna a yau ita ce mas'alar sayen mota mai giya otomatik, wato motar da take canja giya da kanta, direba ba ya taka kuloci, abin da makanikanmu ke kira ambarayaji. A ƴan shekarun nan sha'awar irin wannan mota ta yawaita a tsakaninmu, kuma sha'awa ce mai dalili, domin dattijon da gwiwarsa ta fara ciwo, da malamar da ke koyarwa a wani gari tana kwana a wani, da ma'aikaciyar likita, da ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye, duk sun gane cewa akwai rahama a cikin motar da ƙafa ɗaya ke isa a tuƙa ta. To amma akasarin waɗannan bayin Allah ba matafiya ba ne. Zirga-zirgarsu daga gida zuwa makaranta ce, daga gida zuwa garka, daga Dawce zuwa Matameye a dawo kafin azahar. Ga wanda haka rayuwarsa take, zaɓin mota yana da sharuɗɗa nasa na daban, kuma su ne za mu bi a hankali.

Bari mu fara fasali na farko da maganar da za ta ba wasu mamaki. Gajeriyar tafiya ta fi doguwa cin mota. In sake faɗa, domin a kanta aka gina duk abin da zai biyo baya: gajeriyar tafiya ta fi doguwa cin mota.

Ga dalili. An ƙera injin mota domin ya yi aiki da zafi, zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma kafin ya kai wannan haddi yana bukatar a yi tafiya ta wasu mintuna. Muddin bai yi zafi ba, na'urar da ke auna masa mai tana ƙara masa esansi, wato fetur, fiye da kima, domin kada ya mutu. Wani sashe na wannan esansi ba ya ƙonewa, sai ya zurara ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Haka nan tururin ruwan da ƙonewar mai ke haifarwa, in ya tarar da ƙarfe mai sanyi, sai ya koma ruwa ya gauraya da baƙin man. Motar da ta tashi daga nan ta nufi Damagaram, kafin ta isa Takeita zafi ya kore wannan ruwa da wannan esansi. Amma wadda kullum ake tayarwa da sanyin asuba a watan hunturu, a yi kilomita uku a kashe ta, da la'asar a sake tayarwa a dawo, ita kam tarawa take yi a hankali, alhali mai ita yana kallon agogon kilomita yana murna cewa motarsa ba ta shan wahala. Wanda yake son ya gani da idonsa, ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya juya shi. In ya ga wani farin kumfa mai kauri ya liƙe a ciki, to ruwa ya shiga mai, ko dai saboda gajerun tafiye-tafiye, ko kuma saboda wata ɓarna a cikin injin wadda ta fi haka girma, kuma ko wanne ne wajibi ne makanike ya duba.

A nan ina da roƙo ga makanikanmu, kuma roƙo ne na ɗan'uwa. Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan injin da ake kira tamostat, aikinsa shi ne ya tsare ruwa har injin ya yi zafi, sa'an nan ya buɗe ya bar shi ya zagaya. Ya zama al'ada a ƙasashenmu, da zarar mota ta iso, a cire shi a jefar, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan hujja ba ta inganta ba. Injin da aka raba da tamostat yana daɗewa bai kai zafinsa ba, saboda haka yana daɗewa yana shan esansi da yawa, kuma mai gajeriyar tafiya shi ne ya fi kowa cutuwa. In mota tana zafi fiye da kima, a nemi illar a lagireto da fanka da famfon ruwa, a bar tamostat a mazauninsa.

Sai batir. Duk tayarwa guda tana ɗebe masa ƙarfi mai yawa, kuma sai an yi tafiya mai ɗan tsawo injin ke mayar masa da abin da ya ɗauka. Ga kuma zafin bazara, wanda a yankinmu yakan haura digiri 40, yana rage wa batir kwana. To, ku kasa kunne da kyau a nan. Mota mai otomatik ba ta tashi da turi. Mun saba, in mota mai kuloci ta ƙi tashi, a kira samarin unguwa su tura, direba ya saka giya ta biyu ya saki kuloci, ta kama. Otomatik ba ta san wannan ba. Kuma kowa ya sani, a garuruwanmu motar mutum ɗaya motar jama'a ce, domin ran da naƙuda ta tsananta wa wata baiwar Allah da tsakar dare, ko kunama ta harbi yaro, ko jikin wani tsoho ya rikice, ƙofar mai mota ake bugawa, kuma a irin wannan sa'a babu abin da ya fi baƙin ciki kamar a murɗa makulli a ji shiru. Saboda haka mai otomatik ya riƙi batir mai kyau, ya ajiye wayoyin haɗa batir a cikin motarsa, kuma ya lazimci fitar da ita kan kwalta sau ɗaya a mako ko biyu, ya yi tafiyar rabin sa'a ba tsayawa. Juyen baƙin mai kuwa, wato bidanji, kada ya jira sai kilomita sun cika, ya yi shi duk wata shida, ko duk kilomita 5,000, wanda ya riga zuwa.

Yanzu mu shiga fasali na biyu, wato esansi ko gazuwal, kuma babban inji ko ƙarami.

Hukuncin a nan gajere ne. Mai gajeriyar tafiya ya sayi mai esansi. Motocin gazuwal da aka sayar sababbi a Turai daga shekarar 2011, har ma da yawa kafin nan, suna ɗauke da wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, kuma wannan matata ba ta wanke kanta sai ta yi zafi ƙwarai, wajen digiri 600, a doguwar tafiya mai gudu. In ba ta samu haka ba sai ta toshe, fitila ta kunnu a gaban direba, mota ta rasa ƙarfi. Gazuwal na mai lodi ne da mai dogon zango.

Game da girman inji, mu yi lissafi tare, da lissafin da kowa zai iya bi. A watan Yuli na 2024 hukumar Nijar ta mayar da litar esansi tamma 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. A ɗauka mutum yana yin kilomita 500 a wata. Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci lita 40, kimanin jaka 20. Babbar mota mai shan lita 14 za ta ci lita 70, kimanin jaka 35. Bambancin jaka 15 ne a wata, jaka 180 a shekara, kuma mai iyali ya san buhun hatsi nawa ke cikin wannan kuɗi. Kada kuma wani ya dogara da man gefen hanya yana cewa zai samu da sauƙi. Zamanin da man Nijeriya ke kwararowa da arha ya juya tun da aka janye tallafin mai a can a watan Mayu na 2023, kuma ko da yake Allah ya albarkace mu da matatar SORAZ a arewacin Damagaram tun 2011, mun ga lokutan da aka yi layi a gidajen mai. Bayan haka, man kwalba da ya sha ƙura, ko aka gauraya shi, yana kashe famfon mai da bututun feshi na motocin zamani. Inji mai lita 1.3 zuwa 1.8 ya wadatar da gida guda. Abin da ya wuce haka, ga mai zuwa kasuwa da makaranta, ya fi kusa da israfi.

Gaskiya guda kuma wadda bai halatta in ɓoye muku ba ita ce, tsohuwar otomatik ta ɗan fi ƴar'uwarta mai kuloci shan mai. Wannan shi ne ladan sauƙin da take bayarwa, kuma ga wanda ƙafarsa ke ciwo ladan bai yi yawa ba.

To, jama'a, mun iso fasali na uku, wanda shi ne zuciyar shirin, kuma a nan zan ɗan daɗe. Sunan otomatik ɗaya ne, amma abin da ke cikin akwatin giya, wanda makanikai ke kira buwat, iri-iri ne, kuma dillali ba lalle ne ya bambance maka su ba, wataƙila ma shi kansa bai sani ba.

Iri na farko shi ne na asali, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya fara sakawa a motocin kasuwa na shekarar 1940, aka yi ta kyautata shi har yau. Shi da mai yake aiki. Ku kwatanta babbar ƙwarya cike da ruwa, an ɗora ƙaramin ƙoƙo a kai. In aka juya ruwan da ludayi, ƙoƙon zai bi yana juyawa, ko da ludayin bai taɓa shi ba. Haka injin ke juya wani jan mai, jan man ya juya giya, giya ta juya taya. Da yake mai ne a tsakani, babu faifan kuloci da ke gogewa duk lokacin da aka tsaya aka tashi, kuma shi ya sa wannan iri yake jure tafiyar sannu-sannu a cikin cunkoson kasuwa, da tsaye-tsaye a bayan amalanke. Irinsa ne a cikin Toyota Corolla na shekarun 2003 zuwa 2008 da aka yi wa kasuwar Amurka, mai giya huɗu, wadda ta cika Kano da Katsina, wadda kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu.

Iri na biyu ana kiransa da haruffa uku, CVT. Ba shi da matakan giya, wata ɗamarar ƙarfe ce ke gudana tsakanin gargare biyu masu buɗewa da tsukewa. Yana da tattalin mai, yana da laushi, amma ba ya son zafi, ba ya son lodi, ba ya son a maƙale a rairayi ana taka totur, kuma in aka zuba masa man da ba nasa ba, ƙarshensa ya zo. Yawancin ƙananan motocin Nissan na bayan nan, da Honda Jazz da yawa, shi suke ɗauke da shi.

Iri na uku shi ne wanda ya fi yaudarar mai saye. A haƙiƙa giya ce mai kuloci, sai dai an ɗora mata wata na'ura mai taka kulocin a madadin direba. Da yawa daga cikin Toyota Yaris da Auris masu otomatik da aka yi wa kasuwar Turai daga 2006 zuwa ƴan shekarun da suka biyo baya haka suke, kuma motocinmu na Nijar daga Turai da yawansu ke fitowa. Mutum ya ga sunan Toyota ya saki jiki, alhali in wannan na'ura ta rikice sai an nemi mai kwamfuta ya daidaita ta. Ga alamar gane ta, ku riƙe ta da kyau. Ku dubi haruffan da ke gefen sandar giya. Otomatik ta asali tana da P, da R, da N, da D. P na ajiyewa, R na baya, N na sakin giya, D na tafiya. In ka duba ba ka ga P ba, sai E da M, to wannan iri na uku ne. Babu P, a yi hattara. Akwai kuma ƙanwarta mai kuloci biyu, wadda ake samu a wasu motocin Volkswagen da Ford. Ta Ford Focus da Fiesta ta jawo ƙorafi da shari'u a Amurka kanta, inda gareji ke ko'ina.

Wani zai ce, ina Peugeot, wadda iyayenmu suka sani tun zamanin 504 da ake harhaɗawa a Kaduna? Lalle tana da tarihi a wannan ƙasa, amma amanar da 504 ta samu da kuloci ta same ta. Akwatin otomatik da ke cikin 206 da 307 da 406 yana bukatar makaniken da ya ƙware a kansa musamman. Haka nan motoci masu haɗa esansi da lantarki, irin su Prius da Toyota ta fitar tun 1997, a ƙa'ida sun dace da gajeriyar tafiya ƙwarai, sai dai tsohon babban batirinsu da zafinmu ba sa jituwa, kuma kada mutum ya saya sai ya san a ina mai gyaransa yake da nawa ake sayar da shi.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ga mutumin Dawce, motar ƙwarai ita ce wadda makaniken Matameye ya sha buɗe irinta, wadda in wani ƙarfe ya karye yau, gobe direban tasha zai taho da shi daga Damagaram ko Daura ko Kano. Ƙarama, mai esansi, mai otomatik ta asali. Wannan sharaɗi ya ƙara nauyi tun da iyakar Bene ta rufe a ƙarshen Yulin 2023, kayan da a da ke bin Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru.

Fasali na huɗu gajere ne, maganar hanya ce. Da zarar an sauka daga kwalta, rairayi ne da rani, taɓo da zaizayar ruwa da damina. Kafin ka saya, ka durƙusa ka dubi tazarar cikin motar da ƙasa, domin kaskon man giya a ƙasa yake, dutse ɗaya ya isa ya huda shi. In za ka shiga rairayi, ka mayar da sanda kan L ko 2, wato ƙananan giya, ka tafi da ƙarfi ɗaya ba tare da fizga ba. In ta maƙale, kada ka yi ta taka totur kana watsa ta gaba da baya, domin jan man nan yana tafasa, kuma abin da minti goma na fushi ya ƙona, albashin wata uku ba ya gyara shi. Ka sauka, a tone, a sa kara a ƙarƙashin taya, a ɗan rage iska. Kada a mayar da ƙaramar mota motar ɗaukar rake da buhunan gero. In ta lalace a hanya, kada a ɗaura mata igiya a ja ta zango mai nisa tayoyin gaba na ƙasa, domin in injin ba ya aiki mai ba ya zagayawa a cikin giya. Kuma lokacin hazo a riƙa duba matatar iska a kai a kai.

Mun zo fasali na ƙarshe, ranar ciniki.

Ka je da makanikenka, wanda kai ka biya shi, wanda ba shi da rabo a cikin la'adar dillali. Ka nemi a bar motar ta kwana ba a tayar ba, ka zo da safe ka ɗora hannu a kan injin ka tabbata da sanyi, domin aibi da yawa yana ɓuya in mota ta yi zafi. A tayar. Ka taka birki, ka saka D, ka ji: lafiyayyar giya tana kamawa nan take, a hankali, in ta yi jinkiri sa'an nan ta buga, akwai magana. Ka yi haka da R. In motar tana da sandar gwajin man giya, a zaro ta a goga a farin ƙyalle. Ja mai haske, alhamdu lillahi. Baƙi mai warin ƙuna, ka yi sallama ka tafi. In kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa ya shiga, domin a yawancin waɗannan motoci man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce, kuma lagireton da aka shekara ana cika shi da ruwan rijiya yakan yi tsatsa ya huje daga ciki. Daga nan a hau kwalta, a yi tafiyar da za ta isa giya ta shiga duk matakanta, a kunna na'urar sanyi, ana kallon allurar zafi. Agogon kilomita kuwa kada ka ba shi amana duka, ana mayar da shi baya. Ka dubi yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka goge, su ne shaidun da ba a saya.

Takardu su ma a bi su ɗaya bayan ɗaya, takardar duwan, wato kwastan, da kart giriz, wato takardar mallakar mota, a gwada lambar da ke rubuce da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, harafi da harafi. Mu mutanen bakin iyaka ne, motar da ba a biya mata duwan ba takan zo da arha mai jan rai, kuma arha ba ta ado. Kada kuma ka zuba duk abin da ka mallaka a kan kuɗin saye. Ka rage abin inshora, da taya, da batir, da juyen mai na farko, na inji da na giya, kuma na giya a zuba ainihin irin wanda aka rubuta wa motar. Wanda sai ya ci bashi mai riba, ko ya sayar da gonar gado, sa'an nan zai hau mota, shawarata gare shi ya dakata, babur da kuɗin haya sun fi masa maslaha har Allah ya buɗa.

Ku kuma ƴan'uwana dillalai da masu sayarwa, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da ya tarar da tsohon aibi a cikinsa wanda ba a faɗa masa ba. Wannan hukunci da aka karantar a kan dabba da tufa yana hawa kan mota. In ka san giya tana bugawa in ta yi zafi, ka faɗa, ka rage kuɗi. In ka zuba mai mai kauri domin a kasa jin ƙarar inji, ka sani wanda ka sayar wa zai ɗauki matarsa da ƴaƴansa a ciki, wataƙila da mara lafiyar maƙwabta, a hanyar da babu gareji. Ku rubuta cinikin a takarda, da shaidu biyu, a ambaci duk aibin da aka sani da sunansa.

Mai sauraro, in a cikin makon nan kake shirin zuwa kallon mota, ka yi istihara, ka nemi makanikenka tun yau ku sa rana, kuma ka tafi da farin ƙyalle a aljihu. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.